Shanyewar ɓarin jiki: kalmomin da za ka ji a bakin likitoci da aikin da ke jiranka bayan kowace

Ranar da abin ya samu Baba bayan sallar asuba ne, yana zaune bisa tabarma a zaure Inna ta aiko mishi da kunu, ya miƙa hannun dama zai karɓa sai kofin ya suɓuce ya kife. Ƙanena ya ɗauka barci ne bai sake shi ba. Da ya buɗe baki zai yi magana munka ga bakin ya karkace gefe guda, miyau na zuba, maganar kamar ta wanda ya cika baki da tuwo. Inna ta fito tana salati tana "mi as same shi, mi as same shi", kafin ka ce kwabo maƙwabta sun cika gida, wanga ya ce iska ce ta buge shi, wancan ya ce a kira malam, wani ma ya ce a kawo allura a tsattsaga mishi yatsu wai haka ya gani a WhatsApp. Mu 'ya'yanshi da bokonmu da komi sai da rana ta take sannan munka kai shi asibiti. Har yau in na tuna awannin nan raina ɓaci yake.

A asibiti kuma wani duhun kan ya same mu, likita na zuba kalmomi muna gyaɗa kai kamar ƙadangaru, in ya wuce mu kalli juna. Sai da na daɗe cikin jinya na gane cewa kowace kalma da sunka faɗa akwai aikin da take ɗora wa mai jinya, in ba ka san kalmar ba aikin zai wuce ka, kuma maras lafiya ne zai biya. Ni ba likita ba ne, ɗan jinya ne, saboda haka abin da likitanku ya ce shi ne gaba da nawa.

Da farko, gane shi tun a gida

Abin da muke ce wa shanyewar ɓarin jiki ko mutuwar ɓarin jiki, a asibiti sitirok za ka ji suna cewa. Ciwon ba a hannu yake ba, ba a ƙafa ba, a ƙwaƙwalwa yake. Jini ne ya daina isa wani sashe nata, sashen ya fara mutuwa, sai gaɓar da yake sarrafawa ta daina amsawa. Kuma abin gicciye yake tafiya, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da daman jiki, na dama shi ke riƙe da hagu, shi ya sa kada ka yi gardama in likita ya ce matsalar na hagu alhali kai dama kake gani a shanye.

Gwaji uku za ka yi, ba su kai minti ɗaya ba. Ka ce ya yi murmushi ko ya yaƙe haƙora, ka duba ko gefe guda ya zube. Ka ce ya ɗaga hannuwa biyu gaba ya riƙe, ka ga ko ɗaya na saukowa da kanshi. Ka ce ya faɗi wani abu da ya saba, ko da salati ne, ka ji ko maganar ta harɗe ko ma bai gane mi kake cewa ba. In ka ga ko da ɗaya cikin ukun, ya isa a nufi asibiti. Wani kuma da jiri yake zo mishi da tangaɗi, ko ido ɗaya ya dushe nan take, ko ciwon kai mai tsananin da bai taɓa jin irinshi ba. Na huɗu shi ne agogo, ka duba lokaci ka riƙe, domin tambayar farko da za a yi maka ita ce yaushe anka gan shi lafiya lau na ƙarshe. In da ciwon ya farka daga barci, to lokacin da ya kwanta ne ake ƙirgawa.

Abin da ba a yi a wannan lokacin ya fi abin da ake yi yawa. Kada a ɗura mishi komi a baki, ba ruwa, ba kunu, ba rubutu, ba zuma. Na san maganar rubutu na da nauyi, nima gidan da ake sha na tashi, amma a yi addu'a a yi tofi a cikin mota ana tafiya, babu abin da ya hana, sha ne dai a dakata, zan faɗi dalili a ƙasa. Kada a tsaga yatsa, kada a kira wanzami ya yi ƙaho, kada a ƙara mishi ƙwayar hawan jini wai don ya sauka da sauri, kada kuma a ba shi asfirin. A kwantar da shi ta gefe don in ya yi amai kada ya shaƙe shi, a sassauta mishi wuyan riga, a nemo mota ko keke Napep, ba kabu-kabu ba don Allah, na taɓa ganin an goyo wani tsoho a tsakiya ƙafarshi na jan kwalta shi bai ma sani ba. A kwashi duk magungunan da yake sha a leda a tafi da su.

Sannan a wuce kemis, a wuce ɗan asibitin unguwa, a nufi babban asibiti kai tsaye. A cikin garin Sakkwato ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wato UDUTH, ga kuma Asibitin Ƙwararru da muke ce wa Sifeshalis. Masana sun ƙiyasta cewa a babban sitirok na toshewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan biyu ke mutuwa a kowane minti, to ka auna daga asuba zuwa hantsi.

A imajensi

Nan kalmomin ke fara zubowa. BP awon hawan jini ne, lamba biyu, ta sama da ta ƙasa, in yana zama 140 bisa 90 ko sama da haka shi ne ake cewa mutum na da hawan jini. Kada ka tada hankali in ka ga lambar ta yi sama sosai kuma ba su yi saurin sauko da ita ba, a wani nau'in sitirok da gangan ake barin ta ɗan sama a kwanakin farko don jini ya samu ƙarfin kaiwa inda ya toshe, ni sai da na kusa yin faɗa da wata nas kan wagga magana kafin anka fahimtar da ni. Za su huda yatsa su auna suga, domin suga in ya faɗi ƙasa yana kwaikwayon sitirok tsaf, wani ana ɗaura mishi ruwan gulukos sai ya tashi zaune. Kanula ita ce 'yar robar da ake sa wa a jijiyar hannu don ƙarin ruwa da allurai.

Babbar kalmar ranar ita ce CT, hoton ƙwaƙwalwa. Akwai MRI ma, ya fi nuna ƙananan wurare amma ya fi daɗewa ya fi tsada, galibi da CT ake farawa. Duk asibitin da kunka je ku tambaya tun da wuri ina za a yi hoton, nawa ne, a fara haɗa kuɗin tun ana hanya, don shi ne ke raba gardama tsakanin nau'i biyu da a ido kamarsu ɗaya amma maganinsu kishiyoyin juna ne. Iskemik shi ne toshewa, gudan jini ko kitse ya toshe jijiya. Hemorajik shi ne fashewa, jijiya ta tsage jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Toshewa ta fi yawa a duniya, amma a yankinmu fashewa ba kaɗan ba ce, binciken SIREN da anka yi a asibitocin Najeriya da Gana wanda ya fito a 2018 ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon fashewa ce, kuma hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shi. To ka ga dalilin hana asfirin a gida, shi tsinka jini yake, ga mai toshewa taimako ne, ga wanda jijiyarshi ta fashe ƙarin mai ne a wuta.

Akwai allurar narkar da gudan jini da ake yi wa mai toshewa, amma sai cikin awa huɗu da rabi daga farawar ciwon, sai an yi hoto, kuma ba ko'ina ake samunta ba a ƙasar nan. Ko babu ita zuwa da wuri na da riba, ana tare shaƙewa, ana gyara suga da zazzaɓi, mai fashewa kuma wani sai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa sun duba shi.

Sai TIA, wadda wasu ke cewa ƙaramin sitirok. Alamun su zo, baki ya karkace ko hannu ya mutu, bayan mintuna ko awa guda su wuce kamar ba a yi ba. Daga baya Inna ta tuna cewa kamar mako biyu kafin nan Baba ya taɓa kasa riƙe tazbaha na ɗan lokaci ya ce gajiya ce. Ba gajiya ba ce, sallama ce ciwon ya yi a ƙofa. Wanda ya ga haka ranar zai tafi asibiti, ba sai ya dawo ba. In kuma kun ji ana cewa a yi ECG ko eko, zuciya ake dubawa, domin akwai bugun zuciya maras tsari da ke sa jini ya dunƙule a cikinta gudan ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa.

A ɗakin kwanciya, inda aikin ɗan jinya yake

Disfajiya. In za ka manta duk kalmomin nan kada ka manta wagga. Ma'anarta matsalar haɗiya. Maƙogwaro ma nama ne da jijiya, shi ma yana shanyewa, sai abin da ya kamata ya bi hanyar ciki ya bi hanyar iska ya sauka huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su taso, shi ne nimoniya, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu sitirok bayan sun tsallake ranar farko. Mu mun ɗura wa Baba ruwa a gida kafin mu fito, ya yi ta tari har idonshi ya yi ja muna cewa sannu, ashe cutar da shi muke. Don haka ba a ba shi komi ta baki sai ma'aikata sun gwada haɗiyarshi. In sun ce NG, ita ce robar hanci da ake zurawa har ciki ana ba da abinci da sirinji. 'Yan dubiya za su yi ta cewa wayyo abin ya kai haka, ka toshe kunnenka, robar nan ba alamar mutuwa ba ce, sau da yawa ta ɗan lokaci ce. Ka sa nas ta koya maka da hannunta, a ɗaga kanshi sama kafin a zuba, kunu ko miya a tace sosai, ba zafi, a hankali, a bi da ruwa a wanke robar, in ta zame ko ya fizge ta kada ka maida da kanka.

Ranar da anka ce ya fara ci da baki, zaune tsaf za ka ba shi, ba a kishingiɗe ba, da ƙaramin cokali, sai ya haɗiye na farko ka ba da na biyu. Abin mamaki ruwa zalla ya fi shaƙe su fiye da abu mai ɗan kauri irin koko ko fura da anka dama sumul ba gudaji. In yana tari ko muryarshi ta koma kamar mai kurkure baki, tsaya ka faɗa. Bayan ya gama ka leƙa kumatun ɓarin da ya shanye, abinci na maƙalewa a nan bai sani ba, na taɓa ciro lomar tuwon shinkafa da ta kwana. A goge baki da haƙora, a bar shi zaune kamar rabin awa.

Katita robar fitsari ce, jakar ta zauna ƙasa da gado kullum, kada ta naɗe, in fitsarin ya yi duhu ko wari ko ya daina zuwa a faɗa, kuma ka riƙa tambaya yaushe za a cire don daɗewarta na kawo cuta.

Sai gyambon kwanciya, su suna cewa bedso. Mutumin da bai iya juyawa nauyinshi na danne fata a kan ƙashi har wurin ya mutu ya rufta. Maganinshi juyi, duk awa biyu, dare da rana, dama, baya, hagu. Mu ƙararrawa munka sa a waya munka raba dare tsakaninmu uku. Wuraren dubawa ƙashin ƙugu ta baya, gefen kwatangwalo, diddige, gwiwar hannu, kafaɗa. Takardu za su ce ka duba inda ya yi ja, to fatarmu ba ta nuna ja, kai dai ka duba inda ya fi sauran duhu ko sheƙi, ka taɓa ka ji ko ya yi zafi ko tauri. Da zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40, zufa da fitsari a cikin fampas bisa ledar shimfiɗa kwana kaɗan suke buƙata su ɓare fata, a sa zanen auduga a kan ledar, a miƙe shi ba tattara, a sauya da ya jiƙe. Filo tsakanin gwiwoyi, filo ƙarƙashin sangali don diddige ya tashi daga katifa. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi kada a murza ta, a kira likita, yana iya zama gudan jini ne a jijiya.

Magana

Matsalar magana iri biyu ce. Akwai wanda harshe da leɓe ne sunka yi nauyi, ya san abin da zai ce, fitar ce ba ta fita tas, shi ne disatiriya. Akwai kuma afeziya, inda kalmomin kansu sunka ɓace, yana son ya ce ruwa sai ya ce buta, ko kai ka yi magana ya ji kamar wani yare. Ta fi zuwa ga wanda damanshi ya shanye, irin Baba. Ba hauka ba ne ba kuma kurumta ba, saboda haka ihu a kunnenshi ba ya ƙara komi. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, gajeriya, tambayar da amsarta i ko a'a, a nuna abin da hannu, a jira. Kuma don Allah 'yan dubiya a daina tsayawa a kanshi ana "Allah sarki, ai ya gama yawo", yana jinku. Abin da ya ba ni mamaki, Baba bai iya kiran sunana ba amma in ka ja mishi Fatiha sai ya bi ka har ƙarshe, abin da baki ya haddace yakan rigayi sauran dawowa, da shi munka fara.

Wanda hagunshi ya shanye kuma wani yakan manta da ɓarin hagu gaba ɗaya, ya cinye rabin kwano ya bar rabi, ya yi karo da ƙofa. Irin wannan ta hagun za ku riƙa zama kuna mishi magana.

Gashi

Fiziyo kenan, mu muna cewa gashi, kuma sunan na ruɗin mutane su ɗauka ruwan zafi da tawul ne ko garwashi. A kula, fatar ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ta jin zafi, za ka ƙona mutum bai ce uffan ba. Gashin asibiti motsa gaɓɓai ne da koya wa jiki aiki sabo, juyawa a gado, zama, tsayuwa, sannan taku. Tun yana kwance ake farawa da zarar likita ya ba da izini. Sashen da ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa, amma maƙwabtanshi na iya koyon aikinshi in ana maimaitawa, kuma an fi samun sauƙi da sauri a wata uku zuwa shida na farko, bayan nan ana ci gaba amma a hankali. Wanda ya ɓata watannin nan yana yawon neman mai magani daga wanga ƙauye zuwa wancan ya yi asarar da kuɗi ba su maidowa.

Zuwa gashi sau ɗaya ko biyu a mako ba ya isa, ainihin aikin a gida yake, ka roƙi likitan gashi izini ka ɗauki bidiyon yadda yake yi da waya ka riƙa bi safe da yamma. Kada a taɓa jan shi ta hannun da ya shanye wajen tayarwa, naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ƙashin na iya zamewa daga gurbinshi ya bar mishi ciwon da zai hana shi barci wata da watanni, a rungumo shi ta ƙirji ko ƙugu, in yana zaune a ɗora hannun bisa filo kada ya yi lilo. In kun ji sifastisiti, sanƙarewa ce, hannu ya naɗe a ƙirji yatsu su dunƙule, a riƙa miƙe su a hankali kullum, ba da ƙarfi ba, a wanke cikin tafin a shanya. Abu mafi wuya a gidan Bahaushe shi ne a bar dattijo ya yi da kanshi, Inna ta sha ce min "kai wane irin ɗa ne kana kallon ubanka yana fama da maɓalli", amma maɓallin nan shi ne gashin. Takalmi mai rufe diddige ba silifas ba, a ɗauke tabarmi masu naɗewa daga hanya, a samo kujerar bayi tunda tsuguno ya gagara, sallah a zaune, taimama in alwala ta yi wuya.

Kuka ba dalili ko dariya inda ba ta dace ba, shi ma ciwon ne. Amma in ya daina ci, ya ƙi gashi, ya juya wa kowa baya, a faɗa wa likita, kusan ɗaya cikin uku na masu sitirok na faɗawa ciwon damuwa kuma yana da magani.

Bayan sallama

Wanda ya yi sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu, magungunan da anka sallame ku da su aikinsu kenan. Na hawan jini irin su amlodifin da lisinofiril, na rage kitsen jini irin su atobastatin, asfirin ko kulofidogirel ga mai toshewa, na suga in yana da shi. Ba a dainawa don BP ya yi kyau, maganin ne ya sa ya yi kyau. Baba dama an taɓa ɗora shi a kan magani, ya sha wata biyu ya ce ya warke ya koma tafarnuwa. Ku sayi na'urar awon BP ta damtse ku riƙa rubuta lambobin a littafi da kwanan wata. A guji haɗin maganin gajiya na kemis, daikulofenak da aibufurofen na tada hawan jini kuma in sun haɗu da asfirin suna iya sa ciki zubar jini. Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen magi da kanwa da yajin tsire da kilishi duk cikin lissafin suke, mu tukunyarshi daban munka ware ana ƙara daddawa da albasa don ɗanɗano. Taba da shisha sai haƙuri. In azumi ya gabato a tambayi likita tun Sha'aban.

Ranar kilinik, wato ranar komawa ganin likita, ku fita da sassafe da kati, da hoton CT da takardarshi, da ledar magunguna gaba ɗaya har da na gargajiya in ana ba shi kada a ɓoye, da littafin BP, da tambayoyinku a rubuce don in an shiga gaban likita kai kan ɗauke. A tafi da ruwa da ɗan abin da zai iya haɗiya da fampas na canji, layin na iya kai ku azahar.